Hannun Da Ya Riƙe Bindiga, Ya Koma Ga Allura

Ya ku 'yan makaranta, ga wata magana da mu ke so mu auna tare da ku. In namiji ya je yaƙi ya komo, ya ajiye bindiga ya ɗauki allura da zare, girmansa ya ragu ne, ko kuwa yana nan?

Mu mutanen Zamfara ta arewa ba baƙin mayaƙa ba ne. Kaura sarautar yaƙi ce, Namoda kuwa da garin ya ci sunansa yana cikin waɗanda suka ci Alkalawa a 1808. Sa'ad da Yaƙin Hitila ya tashi a 1939, hanyar jirgin ƙasa ta shekara goma da isowa Kaura. Samari da yawa na Arewa suka shiga soja. Waɗansu suka yaƙi Italiya a Habasha a 1941, waɗansu suka ƙetare teku zuwa Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, suka sha ruwan sama da sauro a kwarin Kaladan, har aka ci Myohaung a Janairun 1945. Da aka gama aka sallame su, kowa ya nufi garinsu.

To, a ce ga ɗaya daga cikinsu ya sauka a tashar Kaura, ya taka zuwa Zurmi. Kuɗin sallama ba su daɗewa, balle ga wanda dangi suka yi wa caa. Sai ya je ya durƙusa gaban mai ɗinkin riga, ya ce a koya masa. Mutumin da ya ba talatin baya, da lambar yabo a akwati, ya zauna cikin yara almajirai, maigida na warware masa ɗinki yana cewa ya sake! Masu zaman gindin bishiya za su ce ya faɗi. Ba kuwa wauta zalla suka faɗa ba, gama wanda ya sa ransa a bakin mutuwa ya cancanci hutu, abin kunya ne kuma ga waɗanda suka aike shi a ce sai da allura zai ci tuwo.

Amma ku duba yadda a ke yin babbar riga. Kafin allura ta taɓa ƙyalle, sai mai zane ya ɗauki alƙalami da tawada ya fitar da aska takwas a aljihu, ya kewaya tambari, kāna maɗinki ya bi sawu da tsamiya ko alharini, wata da watanni. Aikin soja irin na maɗinkin nan ne: wani ya zana a bisa taswira, shi nasa bi, ba a tambayarsa ko layin ya yi kyau. Ran da tsohon sojan nan ya ƙware har aka miƙa masa alƙalami, ran nan ne farkon da layi ya fito daga kansa. In ya karkace laifinsa ne, in an yaba rigar a kasuwar Shinkafi yabonsa ne. Mu dai ba mu ga faɗuwa a nan ba. Har askar ma da ya ke zanawa ba ta yanka kowa.

Ba don tuna mazan jiya kaɗai mu ke wannan magana ba. Shekaru fiye da goma ke nan ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suna shan wuya a hannun 'yan bindiga, sojoji kuma suna ta kai da kawowa. Wata rana waɗannan hannuwa duka, na masu tsaro da na waɗanda suka tuba, za su bukaci abin riƙewa. Waɗansunku ne za su zama alƙalai da malamai da masu sana'a a lokacin, ƙofarku kuma za a ƙwanƙwasa a ce a koya.