Fasali A Kan Waswasi Da Yaƙini

Ya kai ɗan'uwa, almajiri ko falke, ka sani ƙwayar ƙanjamau tana bin jini, da saduwa, da uwa zuwa ɗanta a ciki ko haihuwa ko nono. Ba ta bin musabaha, ko akushi ɗaya, ko cizon sauro. Wanda ya ƙaurace wa maƙwabcinsa bisa zato, haƙiƙa ya zalunce shi.

In kuwa askar da ta taɓa jinin wani ta yanke ka a kasuwar Batsari ko Safana, kada ka zauna cikin tsoro ka ce tawakkali ne. Tafi asibiti kafin awa 72, akwai maganin riga-kafi. A auna jininka, a maimaita lokacin da likita ya faɗa. Yaƙini shi ke kashe waswasi. Wallahu a'alamu.