Maganin da Ke Fitowa Daga Zafi

Karatu: 2 Korantiyawa 1:3-7

A shekarar 1962, a ƙasar Italiya, wani masani mai suna Ferruccio Ritossa yana bincike a kan ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace. Sai wani ya ƙara wa akwatin renonsu zafi ba da saninsa ba. Da ya duba, ya tarar ƙwayoyin jikinsu sun tashi haiƙan da wani sabon aiki. Ta nan aka gano wasu sinadaran furotin da jiki ke yawaita ƙerawa in zafi, guba ko ciwo ya matsa masa.

Aikinsu abin al'ajabi ne. In wahala ta lanƙwasa wani furotin, sai su kama shi su riƙe har ya koma siffarsa, kamar yadda maɗori ke ɗaure karaya har ƙashi ya haɗe.

Huhu na buƙatar wannan gata. Jakunkunan iskarsa miliyoyi ne, fatarsu siririya ƙwarai. Ciwo mai tsanani kan cika su da ruwa, numfashi ya gagara. A birnin Toronto na Kanada, a 1993, masu bincike sun ɗumama jikin ɓeraye don ya yawaita waɗannan sinadaran kafin a ji wa huhunsu rauni, sai mutuwa ta ragu a cikinsu. Har yanzu masana na neman hanyar da waɗannan sinadaran za su zama magani ga majinyacin da huhunsa ya raunana.

Ƙaunatacce, dubi hikimar Mahalicci. Ya ajiye mai gyara a cikinka tun ɓarna ba ta zo ba. A karatunmu na yau, Manzo Bulus ya nuna cewa Allah na ta'azantar da mu cikin wahala domin mu ma mu ta'azantar da wasu. Haƙurin da ka koya a gadon asibiti, da dogarar da ka samu ranar da aiki ya kuɓuce maka, ba naka kaɗai ba ne. Akwai wanda ya kwana yana kuka. Kai da ka san zafin, je ka zauna da shi yau, ka saurare shi, ka riƙe shi har ya miƙe.

Addu'a: Ya Ubangiji, mun gode maka domin numfashin wannan safiya. Ka taɓa masu fama da ciwon huhu, ka ƙara wa likitoci da masu bincike basira. Ka sa wahalar da muka sha ta zama waraka ga 'yan'uwanmu. Amin.