Kakarka Tana Bin Ka Kuɗin Cefane

Ɗana, na san ba raini ba ne yake sa ka leƙa ɗakin kakarka ka gaishe ta a tsaye, waya a hannu, ka fice tun ba ta gama tambayarka ya gajiya ba. Ladabin ne aka koya maka rabi. An ce ka rusuna, ka sunkuyar da kai, kada ka tsoma baki a maganar manya, kuma duk ka kiyaye, Allah ya yi maka albarka. Sai dai ba wanda ya zaunar da kai ya faɗa maka cewa magabatan da suka gina katangar kunya a gidan Bahaushe ba su gina ta babu ƙofa ba. Sun san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sun san ɗa ba ya sakewa a gaban mahaifinsa, suruki kuma yakan canza hanya in ya hango surukarsa, shi ya sa suka tsallake iyaye suka buɗe wasa tsakanin kaka da jika, don kada yaro ya tashi bai da babba ko ɗaya da zai yi dariya da shi.

Ka lura da tsohuwar nan in ka shigo. Tana zaune a kan tabarma tana goga goro a magogi saboda haƙoran sun yi sallama, ta ɗago ta ce, "Ga mijin nawa marar cefane, ko sabulu ba ka ajiye mini ba." Kai kuma sai ka yi murmushin jin nauyi ka ce za ka kawo, ka juya. Ba sabulu take nema ba, ɗana, amsa take jira. So take ka ce mata ai tun bara ka sake ta, ka samo yarinya ɗanya, ita kuma ta riƙe haɓa ta ce wa zai ba mummuna irinka 'yarsa. Ƙanwarka kishiyarta ce, haka take kiranta, kakanku namiji kuma amarya yake ce mata. Sai an yi wannan dariyar bakin tsoho ke buɗewa. A nan ne za ka ji yadda suka ga farin 1973, lokacin da shanu suka riƙa faɗuwa a hanya, da yadda aka yi ta rikicewa wajen lissafi a kasuwa a shekarar da naira ta maye gurbin fam da sule. A nan ne kuma za ka ji ƙiriniyar da mahaifinka ya yi, shi da yake tsare maka gida yanzu kamar bai taɓa zama yaro ba. Ranar da kake da maganar da ta fi ƙarfin ka kai wa mahaifinka, ko ta aure ko ta karatun da ranka ba ya so, ita ce za ta kira ɗanta ta faɗa masa, ba kuwa zai musa mata ba. Amma fa ba za ta ɗauki saƙon jikan da ba ta san muryar dariyarsa ba.

Magabata ba su tsaya a cikin gida ba. Ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne, in watan Muharram ya kama ana bin juna kuɗin shara a cikin hayaniyar cika-ciki. Daga nan wasan ya fita gari: Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, Bafulatani da Babarbare. Ka tsaya ka yi tunani a kan na ƙarshen nan. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Ngazargamu, babban birnin Barno, har Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi da Muhammadu Bello suka yi ta musayar wasiƙu kowa yana kare hujjarsa. An zubar da jini, ba a ɓoye yake ba. Duk da haka jikokin mutanen nan in suka haɗu yau a tasha ko a ofis, kowa cewa yake ɗayan bawansa ne, a yi ta tsiya, a ƙarshe wani ya biya wa wani kuɗin mota. A Nijar sun riƙe abin da muhimmanci, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014.

Kada ka ɗauka laya nake ba ka. Akwai irin wannan wasa tsakanin Fulani da Tibi, bai kuwa hana abin da muka gani a Binuwai ba tsakanin makiyaya da manoma, domin rikicin gona da burtali ba ya mutuwa da barkwanci, sai da adalcin mahukunta. Ban da haka, wasa da sharaɗi yake tafiya: sai wanda ka sani, ya san ka, kun ci a kwano ɗaya ko kun tsaya a jana'iza ɗaya. Kalmar da Bakano zai jefa wa Bazazzagi a gindin mai shayi kowa ya fashe da dariya, in ka rubuta ta a Facebook ga mutumin da bai taɓa ganin fuskarka ba, zagi ce tsagwaronta, domin bai ji muryarka ba, bai ga idonka ba, kuma ba ka nan balle ka sayi shayin. Na ga samari masu kirki sun ɓata da mutane ta wannan hanya suna cewa ai wasa ne. Shi wasan taubasai ba ya taɓa addinin mutum, ba ya shiga asirin gidansa, ba a yi wa wanda ke cikin baƙin ciki, kuma mai tsokana shi ne na farko wajen kawo gudummawa ranar da abin ya faɗo.

Mu ma manya da namu. Wasunmu sun ɗaure fuska har jikoki na tsoron inuwarsu, sannan su dawo suna kukan yaran zamani ba su da zumunci. In ka tarar da irin wannan tsohon, ka yi haƙuri da shi, ka fara da tambaya. Da wuya ka ga dattijon da za a tambaye shi yadda unguwarsu take a da ya yi shiru.

Sai kuma mutanen da kake wucewa kullum ba ka gani: maigadin layinku, mai kawo muku ruwa a kura, dattijon da ke gyaran takalmi a bakin masallaci. Shekara nawa kana ce masa "Baba sannu" ba ka san garinsu ba? Gobe ka tsaya ka tambaye shi, ba tambayar mai ba da sadaka ba, tambayar wanda yake son ya sani. In aka yi dace akwai wasa tsakanin mutanenku da nasu, ba sai ka wahala ba, shi zai fara, kuma ka shirya don sun fi ka iya baki. In babu, ka dai riƙe sunan garin, in damina ta faɗi ka tambaye shi ko an samu ruwa a can, da kuma wa ya bari yana kula masa da gonar.