Shekara nawa mutum zai yi a gari kafin ya daina zama baƙo?

Duk sanda maganar takardar shaidar ɗan asali ta taso, ko aka yi wani rikici a kasuwa, amsar da ke bakinmu ɗaya ce: ai kakanninmu sun fi shekara ɗari a nan. Gaskiya ne kuwa, Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa ta. To amma daɗewa a wuri tana kare mutum? Labarin mutanen Iraƙi yana da abin da zai faɗa mana a kan wannan.

Da yawanmu in an ce Iraƙi, Larabawa kawai muke gani, sai Bagadaza, garin da Shehu Abdulƙadir Jilani yake kwance, inda kuma labarin baka ya ce Bayajidda ya fito. Larabawan su ne mafi yawa, kusan kashi uku cikin huɗu, amma akwai Kurdawa a duwatsun arewa, akwai Turkumawa a wajen Kirkuk, akwai Assuriyawa Kiristoci, da Yazidawa, da Sabi'awa masu ibadarsu a bakin kogi. A Basra ma akwai baƙar fata irinmu, waɗanda aka kai kakanninsu daga gabashin Afirka fiye da shekara dubu da ta wuce. Tsarin mulkin 2005 ya amince da Larabci da Kurdanci a matsayin harsunan hukuma. Musulmi su ne masu rinjaye, 'yan Shi'a sun fi yawa a kudu, Ahlussunna a yamma da arewa.

A cikinsu, wa ya riga wa? Wannan ƙasa ta tsakanin kogunan Dijla da Furat, a nan aka fara rubutu a kan laka fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Bagadaza kanta sai a 762 Halifa Mansur ya gina ta. Assuriyawa suna nan tun kafin hakan, kuma har yau suna magana da Suriyanci, wani reshe na harshen Aramiyanci da aka yi a zamanin Annabi Isa. In dai daɗewa ce hujja, ba mai ja da su.

Amma a 2014, da 'yan Da'ish suka kama Mosul, sai suka bi gidajen Kiristoci suna rubuta harafin nun a bango, suka ba su wa'adi. Mutanen suka fice da kayan jikinsu. A watan Agusta na shekarar aka afka wa Yazidawa a Sinjar, aka kashe maza, aka kwashe mata. Masallacin Annabi Yunusa ma bai tsira ba, bam suka sa masa. Kafin nan, Yahudawan Iraƙi da suka zauna tun zamanin Babila sun bar ƙasar kusan gaba ɗaya a 1950 da 1951. Shekaru dubbai na zama ba su tare wa kowa ƙofa ba.

Abin da ya ceci waɗanda suka tsira sau da yawa, mutum ne. Wasu maƙwabta sun nuna gidan maƙwabcinsu, wasu kuwa sun ɓoye shi, ko sun fitar da shi da dare alhali sun san rayuwarsu suka sa a kasada. Bayan an ƙwato Mosul a 2017, an ga samarin Musulmi suna share majami'u don masu su su dawo. Duk gari ɗaya suka tashi, abin da ya raba su shi ne yadda kowa ya ɗauki amanar maƙwabci.

Wani zai ce, ai doka ce ya kamata ta kare mutum, kada ya dogara da kirkin wani. Haka ne, kuma ba za mu daina neman haƙƙinmu na 'yan ƙasa ba. Sai dai ranar da gari ya rikice, kafin hukuma ta iso, na kusa da kai ne ke yanke hukunci.

Nan ne maganar ta dawo kanmu. Mu da ake kira baƙi a nan, a Kano da Zariya mu ne 'yan gari, kuma can ma akwai Sabon Gari cike da mutanen da aka haifi iyayensu a wurin. In muna son a daina ce mana baƙo raɓa ne, me muke faɗa wa 'yan'uwanmu na gida game da nasu baƙin? In rikici ya tashi can aka turo mana hotuna a waya, muna yayyafa ruwa ne ko muna hura wutar? Haƙƙin da muke nema wa ɗan Bahaushe a Sabo shi ne dai haƙƙin ɗan Bayarabe ko ɗan Ibo a Sabon Gari. Ba zai yiwu mu nemi ɗaya mu yi shiru a kan ɗayan ba.

Saboda haka ƙirga shekaru ba zai ishe mu ba. Mu tambayi kanmu: a layin da ke bayan Sabo, gida nawa ne za su buɗe mana ƙofa da tsakar dare? Mu kuma, wa za mu buɗe wa tamu?