Jinga, Laka da Ƙaddara

Duk shekarar da Kogin Hadejia ya yi ambaliya, maganar da ake fara ji a Birniwa da Kirikasamma da Guri ita ce ƙaddara ce. Haka ne, amma Wanda Ya ƙaddara ruwan Shi ne Ya ba kowace ƙasa ɗabi'arta, kuma sanin wannan ɗabi'a yana cikin tawakkali. Yashin cikin kogi ba ya kama juna. In aka yi jinga da shi, ruwa zai riƙa tsattsafowa ta gindinta, yana jan ƙwayoyin yashin kaɗan-kaɗan har ta rufta. Lakar fadama kuwa tana tare ruwa, sai dai takan kumbura da damina, ta tsattsage da rani har hannu ya shige, don haka sai an daɓe ta hawa-hawa da ɗan danshi kafin ta yi ƙarko. Wanda ya tara yashi ya kwanta, bai dogara ga Allah ba, ya dai saɓa wa tsarin da Allah Ya shimfiɗa.

Wani zai ce ɗan Adam bai isa ya juya kogi ba. Ai kuwa ya riga ya juya shi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gangarowa a hankali har da rani. Ruwan da ba shi da ƙarfi yakan sauke lakar da ya ɗauko, kachalla ta kafa saiwa a kai ta ƙara tare wata, hanya ta cike, ruwa ya fantsama gonaki. Abin da hannun mutum ya jawo, mutum ne za a tambaya.

Wani kuma zai kawo ambaliyar 2022, ya ce irinta ba jingar da za ta tare. Mai yiwuwa ne, kuma a nan ne haƙuri yake da gurbi. Amma Sayyidina Umar da ya ji labarin annoba a Sham yana kan hanyar zuwa can, komawa ya yi, ya ce gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Abin da ya fi ƙarfinmu mu miƙa wa Allah. Gwada ƙasa kafin gini, yashe kogi da sare kachalla kuwa aikinmu ne, hukuma da manoma, kuma barinsu sakaci ne.