MAI TSARON ƘOFA DA 'YA'YANMU A FILIN WASA



A sura ta 10 ta Bisharar Yohanna, Yesu ya ba da misalin garken tumaki mai ƙofa da mai tsaronta. Makiyayin kirki yakan gabatar da kansa a san shi kafin a buɗe masa. Yau muna so mu tambayi kanmu: wane ne mai tsaron ƙofa a filayen wasan da muke aika 'ya'yanmu?

Wasa baiwar Allah ce. Yana gina jiki, yana koya wa yaro ladabi da haƙuri. Amma mai horar da yara yana da iko babba a kansu, gama shi ke cewa wane zai buga, wane zai zauna a benci. Yaron da ya sa rai ga ƙwallo zai iya haɗiye kowace irin azaba don kada a cire shi.

Abin da ya auku a Ingila ya isa ishara. Barry Bennell mai horar da yara ne wanda ya yi aiki da ƙungiyar Crewe Alexandra. Iyaye sun amince da shi har suna barin 'ya'yansu su kwana a gidansa, shi kuwa yana lalata da su. An ɗaure shi a Amurka a 1995, aka sake ɗaure shi a Ingila a 1998, amma girman ɓarnar bai bayyana ba sai a 2016, sa'ad da wani tsohon ɗan wasa, Andy Woodward, ya fito fili ya faɗi abin da aka yi masa yana yaro. A 2018 kotu ta yanke wa Bennell shekara 30 saboda laifuffuka 50 a kan yara 12. Rahoton lauya Clive Sheldon na 2021 ya nuna cewa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar ta yi nawa wajen ɗaukar matakin kare yara tsakanin 1995 da 2000. Yanzu a can, duk mai son horar da yara a ƙarƙashin hukumar, ko da albashi ko aikin sa kai, sai an duba tarihinsa ta hannun ofishin DBS da aka kafa a 2012.

Waɗansu za su ce, “Ai wannan zargi ne ga mutanen kirki.” Ba haka ba ne. Kafin mu ba da 'ya aure, mukan binciki asalin mai nema da halinsa, Ikilisiya kuma takan yi shelar auren a gaban jama'a. Babu angon da ya ɗauki wannan cin mutunci. Mugu ba shi da kama, mai gaskiya kuwa ba ya gudun tambaya.

Saboda haka, duk wanda zai riƙe ƙungiyar wasa ta yaran majami'a ko ta makaranta, a san inda ya fito da dalilin barinsa can. A nemi shaidar mutum biyu da suka yi aiki da shi, a kuma je a ji daga bakinsu. A nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda. A Nijeriya, tun 2019 hukumar NAPTIP take riƙe da rajistar waɗanda aka kama da laifin fyaɗe. A duba ta.

Sai dai mu sani, takarda ba ta nuna kowa sai wanda aka riga aka kama. Bennell ya yi shekaru yana ɓarna sunansa fes. Don haka kada babba ɗaya ya keɓe da yaro, ko a ɗakin sauya kaya, ko a mota, ko a masauki in an je gasa. Iyaye su riƙa leƙa fili. In yaro ya ƙi zuwa wasan da dā yake ɗoki, a zauna a saurare shi. In ya yi magana, a gaskata shi, a kai ga hukuma. Kada a ce a rufa asiri.

Ba ma faɗar wannan don muna ganin gidanmu ya fi na kowa. Ikilisiya ma ta ga irin wannan abin kunya a cikinta, shi ya sa marigayi Fafaroma Francis ya kafa hukumar kare yara a 2014, ya kuma umarci kowace dayosis a 2019 ta buɗe hanyar kai ƙara. Dokar da ta hau mai horarwa ta hau Fada da Katikis.

Yaran nan amana ce, za a kuwa tambaye mu. Allah ya sa mu zama masu tsaron ƙofa da ba sa gyangyaɗi. Amin.