Gonar Gado, Ta Wace ce?

Bari mu yi tunani a kan wata tambaya da ke raba kan gidaje a ƙauyukanmu: daidai ne mutum ya sayar da gonar da ya gāda?

Mu duba ƙasar Kudan, arewa da Zariya, maƙwabciyar Makarfi. Hedkwatarta Hunkuyi ce. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 400 ne, ƙidayar 2006 kuwa ta sami mutum kusan 139,000 a cikinta. Wato a lokacin kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da mutum wajen 350. Mutane suna ƙaruwa, ƙasa kuwa ba ta haihuwa.

Ƙauye a nan bisa ƙafa biyu yake tsaye, tudu da fadama. Da damina tudu yana ba da masara da dawa. Da rani fadama tana ba da tumatir da barkono da albasa, ga kuma rake wanda ake dafa mazarƙwaila da shi. Tudu yana cika rumbu, fadama tana biyan kuɗin makaranta. Wanda ya rabu da ɗaya ya zama gurgu.

Wani zai ce, "Gonata ce, an raba gādo, rabona ke nan." Gaskiyarsa, gama shari'a ba ta hana shi ba. Ba kuwa kowa ke sayarwa don sha'awa ba. A 2016 tsutsa ta cinye tumatir a Jihar Kaduna, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a kan abin. Manomin da ya ci bashin taki a irin wannan shekara, ga ɗansa kwance ba lafiya, wa zai kira shi mugu?

Amma abin da shari'a ta yarda dabam, abin da ya kamata dabam. Ba mu ne muka share gonar ba, ba mu ne na ƙarshe da za su ci daga gare ta ba. Kakanni sun sare daji, iyaye sun zuba taki. Jikoki kuwa ba su da baki a wurin ciniki. Ashe riƙo aka ba mu. Kuɗin gona yakan ƙare kafin damina biyu, sa'an nan mai gona ya koma ɗan ƙwadago cikin kunyoyin ubansa, ko ya nufi Kano neman abin yi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A ƙasar Sabiya ta Turai an ga ƙarshen wannan hanya. Tsakanin ƙidayar 2011 da ta 2022 jama'arta ta ragu da wajen rabin miliyan, ƙauyuka da yawa sai tsofaffi. Can gona ta rasa mutane, nan mutane suna rasa gona. Duka biyu mutuwar ƙauye ce.

Saboda haka muna cewa, wanda tilas ta kama, bari ya fara da haya ko jingina, gama su suna da ranar komowa. In ba makawa sai sayarwa, ya fara taya wa dangi. Nauyin kuma ba nasa kaɗai ba ne. Ɗan'uwan da ke cin albashi a Zariya, ya ji labari ya yi shiru, yana da hannu a ciniki. Mai kuɗin da ke jiran ranar wahalar maƙwabci domin ya sayi fadamarsa da araha, shi ya fi kowa alhaki.

Bari kowane maigida ya tara 'ya'yansa a yi wannan magana tun rumbu yana cike.